Yatsu Biyu na Yaya Lawali

Ku ƴan jami'ar nan ta Bron, nan gefen Lyon, kusan kowace Asabar sai ɗayanku ya leƙo shagon nan da jaka a baya ya ce, “Baba Mutari, ba ku neman mai taimako? Ai yankan nama ne kawai.” Kawai! Wallahi kalmar nan tana ƙona mini rai. Wanda ya zo satin da ya wuce, na miƙa masa hannun rago na ce ya zare mini allon kafaɗa. Ya yi minti ashirin yana gumi, abin da ya miƙo mini ko injin niƙa sai ya yi ƙorafi. To ku ja kujera, yau ba ciniki sosai. Zan gaya muku yadda na koyi aikin nan, da abin da ya fitar da ni daga Paris.

Ni ba ɗan mahauta ba ne. Ubana magini ne a Damagaram, ni kuma na yi lakwal, wato makarantar boko, har koleji, Faransanci ya zauna a bakina. Da na iso Paris a farkon shekarun dubu biyu, shi kaɗai ne jarina. Alhaji Ila, mutumin Tawa mai shagon nama a Barbès, ƴan taku kaɗan daga gadar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, shi ya ɗauke ni in tsaya gaban kanti in yi magana da masu saye da masu kawo kaya. Ya ba ni katifa a ɗakin sama, ya yi mini takardun aiki, matarsa tana aiko mana da tuwo duk Juma'a. Ban taɓa musun wannan alheri ba, kuma yau ma ba zan musa ba.

A bayan shagon, tsakanin ɗakin sanyi da gungumen sara, nan Lawali yake. Shi ma ɗan Damagaram ne, ya girme ni da shekara shida, kuma shi gadon fawa ya yi tun kaka da kakanni. Bai yi karatun boko ba, Faransancinsa bai wuce gaisuwa da sunayen nama ba. Amma ku ɗora masa cinyar sa a kan gungume. Kafin ka gama amsa gaisuwar mai saye, ƙashi yana gefe fari tas, kowace tsoka ta rabu da ƴar uwarta ba ƙwarzane ko ɗaya. Larabawan shagunan kusa har leƙowa suke yi su kalla. Ni na matsa masa ya koya mini, don na gaji da zama baki ba hannu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ɗan lakwal, wannan hannun naka na riƙon alƙalami ne.” Na ce, “Yaya, a gwada dai.” Ya ce in zo da asuba.

Wata uku na farko ban yanka ko tsoka ɗaya ba. Kankare gungume da buroshin ƙarfe, ɗauko rabin sa a kafaɗa daga kamyo, babbar motar kawo nama, zuwa ƙugiya, sai wasa wuƙa har wuyan hannuna ya yi tsami. Wuƙa uku ce a aikin nan: gajera siririya ta zare ƙashi, doguwa ta yanka, sai mai faɗi ta sara. Ga ƙarfen wasa rataye a ƙugu, ga zarton lantarki a kusurwa. Ranar da ya fara ba ni gajerar, ya ce in rufe baki in buɗe kunne. Idan bakin wuƙa yana bin ƙashi daidai, akwai wani ɗan sauti siriri da za ka ji. Ka daina jin sa, to ka shiga nama, ɓarna kake yi. Sau nawa ya bugi bayan hannuna da ƙarfen wasa? Ban ƙirga ba, amma har yau in na tuna sai wurin ya yi mini ƙaiƙayi.

Shi kansa ba ya taɓa wuƙaƙen shago masu ƙotar roba. Yana da tasa, wadda wani maƙeri ya ƙera wa ubansa a gida, mai ƙotar icce, wasa ya cinye ta har ta koma kamar ganyen albasa. Ba ta da ɗan tudun nan da ke tare yatsa tsakanin ƙota da kaifi. Dokar ƙasar nan ba ta son ƙotar icce a shagon nama, saboda haka duk ranar da aka ce masu binciken tsabta suna cikin unguwa, sai wuƙar ta shige cikin safarsa. Alhaji ya sani, kowa ya sani, ba mai cewa komai, don wuƙar nan ita ke riƙe da shagon.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Matan Mali suna son nama da ƙashi da kitse, a sare manya. Ƴan kasuwar Kano da ke zuwa sarin kaya su kayan ciki ne da ƙafar sa, kuma sai sun taya, ko da farashi yana rubuce ɓaro-ɓaro. Akwai wani tsoho ɗan Aljeriya, muna ce masa Baba Kotilet, kullum haƙarƙari shida, sirara, in ɗaya ta fi ƴan uwanta kauri sai ya mayar. Wata rana wata tsohuwar Bafaransa ta shigo tana son naman gashi ɗaure da zare irin nasu. Lawali bai taɓa yi ba. Ya ce in gaya mata ta dawo gobe. Ya je wani shago ya sayi guda da kuɗinsa, ya kwance zaren a hankali yana kallon kowane ƙulli, washegari ya ɗaura mata wanda ya fi wancan kyau. Matar nan ba ta ƙara sayen nama a wani wuri ba har ta rasu.

Akwai wata al'ada ta mahauta da ya koya mini tare da riƙon wuƙa. Mahauci ba ya nuna yankansa. In ka yanke, ka danna gishiri, ka ɗaure da tsumma, ka ce “ta gaishe ni,” wato wuƙar, ka ci gaba. Wanda ya je likita saboda yanka, sai ya shekara ana yi masa dariya a mayanka. Na ɗauki abin nan jarunta, har ina alfahari da tabon da ke babban yatsana.

Lokacin da na zo mu biyar ne a shagon. Duk ƙarshen wata in kontabul, mai yi wa Alhaji lissafi, ya zo ya tafi, sai Alhaji ya wuni yana tsaki. A ƙasar nan, bayan albashin da mai shago ke ba ka, akwai wani kaso da yake zubawa saboda lafiyarka da tsufanka da hatsarin aiki. Alhaji yana cewa abin nan kullum hawa yake, shi yana biyan likitan mutanen da ko mura ba su yi. Wanda ya tafi ba a maye gurbinsa. Muka koma huɗu, muka koma uku: ni, Lawali, da wani bawan Allah ɗan Mali. Kuma ku sani, asusun lafiya na gwamnati ba ya biyan duk kuɗin jinya. Ragowar ko ka biya daga aljihunka, ko kana da ƙarin asurans, wato inshora, da ake kira mutuwel. A lokacin ba dole ba ne mai shago ya yi wa ma'aikata, mu kuma ba wanda ya yi wa kansa. Wa ke tunanin ciwo yana ɗaukar rabin sa a kafaɗa?

Sallar Layya ta same mu mu uku. A gida kun san yadda ake yi, kowa ya yanka a ƙofar gidansa, a banƙare raguna a kewaye wuta. Nan ba haka. A mayanka ake yankawa bayan an sauko idi, a loda a kamyo, kowane rago da lambar mai shi a ƙafa, a kawo mana mu sassara. Naman da ɗuminsa yake zuwa, bai kwana a sanyi ba, sai santsi, kitse yana bin hannu har gwiwa. Rana ta biyu bayan la'asar layi ya kai bakin titi, kowa yana ɗaga takardarsa yana kiran sunana. Lawali yana kan rago na nawa ne ma, Allah kaɗai ya sani. Ya soka wuƙarsa zai raba ƙugu, bakinta ya ci karo da ƙashi ya tsaya cak. Hannunsa bai tsaya ba. Ya zame daga ƙota ya bi kaifi. Hannun dama ne, ƙaramin yatsa da na kusa da shi.

Ina tsaye kusa da shi, na ga farin abu a cikin yankan kafin jini ya rufe. Ya ce, “Ta gaishe ni.” Ya danna gishiri, ya ɗaure, ya sa safar roba a kai, ya koma kan zarto ya bar mini wuƙa. Haka ya ƙarasa ranar, ya yi ta uku ma. Ni kuma, ɗan lakwal da ya kamata ya fi shi sani, ban ce masa komai ba sai sannu.

Safiya ta huɗu ya zo hannun ya kumbura suntum, yatsun biyu ba su lanƙwasuwa. Alhaji ya ja ni cikin ɗakin sanyi ya turo ƙofa.

“Mutari, ka tahi da shi likita. Amma in sun tambaya, gida ya yanke.”

“Alhaji, ai nan ya yanke, gaban mutane.”

“Mutane sun ga mi? Kowa ragonshi yake kallo. In ka ce nan ne, asurans su ƙara mini kuɗi, masu bincike su zo su iske wuƙar icce, su ruhe shago. Kai ka ci ina, shi ya ci ina? Ni zan kula da shi, ɗan'uwana ne.”

Na fito na gaya wa Lawali. Ya ce, “Yi yadda Alhaji ya ce. Ai wuƙata ce.”

A sashen gaggawa wata ma'aikaciya ta zo da takarda tana tambaya, ni ina amsawa tunda ni ne mai Faransanci. Suna, shekaru, adireshi. Sai ta ce, a wurin aiki ko a gida? Na ce a gida. Ta ce yana yin me? Ban shirya wannan ba. Abin da ya zo bakina na faɗa: yana raba wa matarsa daskararriyar kaza a kicin. Ta rubuta, ta tafi.

Lawali ya ce, “Me ka gaya mata?”

Na gaya masa.

Ya juya fuska bango. “Kaza,” ya ce. “Ni.”

An yi masa aiki washegari. Likitan ya yi ta faɗa, ya ce jijiyoyin da ke jan yatsun sun tsinke sun ja baya, da an zo ranar da abin ya faru da sauƙi. Ya ce yanzu sai an yi watanni ana zuwa wurin masu motsa gaɓɓai, sau uku a sati, in ba haka ba yatsun su ƙage. To tunda takarda ta ce a gida ya yanke, jinyar ta zama irin ta kowa: albashi ya koma wajen rabi, kuma duk zuwa ɗaya akwai ragowar da zai biya da kansa. Yana da mata, Habsu, da ƴaƴa uku a Stains, can bayan gari, ga haya. Wata biyu na farko Alhaji yana aika nama da ambulan ɗin kuɗi. Daga nan nama kaɗai. Daga nan sai, “In ka je ka gaishe shi.” Lawali ya rage zuwa gashin hannun, daga baya ya daina. Yatsun suka naɗe cikin tafi suka zauna. Likitan ma'aikata ya duba ya ce ba zai iya riƙe wuƙa ba, Alhaji ya ce ba shi da wani aikin da zai ba shi, aka sallame shi da takarda. Habsu ta fara sharar buro-buro, ofisoshi ke nan, da asuba.

Ni na gaji gungumensa. Kun ji? Ni da na yi ƙaryar, ni aka ƙara wa albashi.

Akwai wata mai saye, Malama Rakiya, ƴar Maradi. Karatu ya kawo ta, ta gama ta samu aiki a wani buron asurans. Duk Asabar tana zuwa sayen ƙafar sa. Wata rana ta ce, “Malam Mutari, wai ina mai gyara mini ƙafar nan? Kai ba ka ƙona gashin da kyau.” Alhaji ba ya nan, sai na ba ta labari duka da Hausa, yadda mutum ke gaya wa nasa. Ta ajiye jakarta a kan kanti.

“Innalillahi! Kun san abin da kuka yi? Da an ce hatsarin aiki ne, ko sisi ba zai biya ba har ya warke. Kuɗin hutunsa ya fi haka, kuma yatsun da ya rasa akwai abin da za a riƙa ba shi.”

Na ce Alhaji yana tsoron a ƙara masa kuɗin asurans.

“Wa ya gaya masa? Ƙaramin shago irin wannan ba a ƙara masa don mutum ɗaya ya yanke. Abin da duk mahauta ke biya shi yake biya, an yanke ko ba a yanke ba. Ai saboda irin wannan ranar yake zubawa duk wata!”

Shekara da shekaru Alhaji yana kuka da kuɗin nan, ranar da za su yi amfani kuma muka ɓoye. Ta ce har yanzu da dama, doka ta ba ma'aikaci shekara biyu ya kai maganar da kansa, amma sai da shaida.

“Wa ya ga abin?”

“Ni.”

“Wa ya ce musu a gida ne?”

“Ni.”

“To, Malam Mutari, ba mai gyara ta sai kai.”

Ni da wautata, Alhaji na fara kai wa labari, ina zaton albishir ne. Ya kira kontabul a waya, suka daɗe. Da ya ajiye fuskarsa ta canza. Ashe tunda bai sanar a kan lokaci ba, in magana ta fito yanzu akwai tara, kuma ana iya cewa ya mayar da abin da aka kashe. Ya ce in bar zancen. Na ce ba zan bari ba. Ya ce mu haɗu Juma'a.

Bayan masallaci muka hau ɗakin sama, ɗakin da na kwana shekaru. Alhaji ya tara dattawan mutanenmu huɗu, an kira Lawali, yana zaune a gefen tabarma hannun dama cikin aljihu. Aka yi gaisuwa doguwa, aka sha shayi. Sannan babban cikinsu ya buɗe magana. Ya ce mu baƙi ne a ƙasar nan, ba mu kai ɗan'uwa gaban hukuma, abinmu a tsakaninmu muke kashe shi. Ya ce Alhaji ya yarda zai sayi tikitin Lawali da iyalinsa, ya ba shi ɗan jari ya koma gida. Sai ya juyo kaina.

“Kai kuma Mutari, ka ji kunya. Wa ya ba ka wurin kwana ranar da ka zo da leda ɗaya?”

Na ce, “Baba, Alhaji ne. Katifarsa na kwana a kai, tuwon gidansa na ci, Allah ya saka masa. Amma da bakina na yi ƙarya, kuma ba ni na biya ta ba, ga wanda ya biya nan zaune.”

“Ka iya bakinka!”

“Da na iya shi da ba mu zo nan ba.” Na juya na ce, “Yaya, kana son komawa gida?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ƴaƴana suna lakwal a nan. A gida in yi me da hannu ɗaya? In tsaya a mayanka ina kallon yaran da na koya wa?”

Na ce, “To zan rubuta.”

Alhaji ya ce, “In ka rubuta, ka aje mini makulli.”

Na ciro makullin shago daga aljihu na ajiye a kan tabarma kusa da butar shayi, na ce a gafarce ni, na sa takalmi. Na sauka matakala ban waiwaya ba.

Da hannuna na rubuta takardar shaida, shafi biyu. Ranar, lokacin, inda nake tsaye, yadda wuƙar ta tsaya, da abin da na gaya wa ma'aikaciyar asibiti, da cewa ƙarya ne. Malama Rakiya ta gargaɗe ni, ta ce ni ma ana iya tuhumata. Na ce a tuhuma. Sau biyu aka kira ni buron asusun lafiya, wani mutum mai gilashi yana juya mini tambaya ɗaya ta fuska biyar. Ya ce, mutumin da ya yi ƙarya sau ɗaya, don me zan yarda da shi yanzu? Na ce, “Waccan ta ƙara mini albashi, wannan ta raba ni da aiki. Kai ka zaɓa.” Abokin aikinmu ɗan Mali ya ce bai ga komai ba, kuma ban riƙe shi ba, yana da iyali. Amma Baba Kotilet yana cikin layi ranar, ya ga jinin. Na tare shi a bakin metiro, ban gama bayani ba ya ce in kawo takarda. Ya ce tun da aka kori mutumin nan bai ci haƙarƙari mai kyau ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a rayuwata. A masallaci gaisuwa ta gajarce, wasu su miƙo hannu suna kallon wani wuri. Sunana ya koma butulu. Na bi shagunan nama daga Barbès har bayan gari. Na mutanenmu ba a ma ba ni kujera. Na sauran kuma a nan na ga inda sana'ar ta dosa. Mai shago ya dube ni ya ce shekarunka nawa, kafaɗarka lafiya, bayanka fa? Mahauci mai shekara arba'in da wani abu, a idonsu jinya ce ke tafe. Wani ya buɗe mini firigo, akwatin sanyi, ya nuna mini: nama ne an yanka an gyara a masana'anta, kowace tsoka cikin ledarta. Ya ce, “Da wannan ba na bukatar mai zare ƙashi. Mai fasa leda nake nema, shi ba ya yankewa, ba ya ciwon kafaɗa.” Tir! Naman da ya kwana sati cikin ruwansa. Wata goma sha ɗaya ina dakon kwalayen kaya ga ƴan kasuwar ƙarƙashin gada, ni da na iya raba sa tun daga wuya har wutsiya.

Malama Rakiya ce ta ji labarin wata Hajiya ƴar garinsu ta buɗe shago a Lyon tana neman mahauci na gaske. Na hau jirgin ƙasa na zo. Hajiya, wannan dai da kuke gani a kan kuɗi, ta ce, “Me ya raba ka da Alhaji Ila?” Na gaya mata duka, na ƙara da cewa, “Hajiya, ki sani tun yau, in wani ya yanke a shagonki, ni zan fara kiran likita, kuma ni zan faɗi inda ya yanke.” Ta yi dariya ta ce in ɗauki tabiliye, rigar aikin da mahauci ke ɗaurawa a gaba. Shekaru bayan haka, da doka ta tilasta wa kowane mai shago ya yi wa ma'aikatansa mutuwel, kun san dabarar da wasu suka fito da ita? Suka ce wa ma'aikata ku ajiye aiki, ku yi takarda wai kuna cin gashin kanku, ku dawo kan gungumen nan dai, in kun yanke ku da Allahnku. Kontabul ɗin Hajiya ya kawo mata shawarar. Na ce masa ya zo ya zare ƙashin da kansa. Har yau da kontira, takardar ɗaukar ma'aikaci, nake aiki.

Amma wannan daga baya ne. A shekarata ta farko a Lyon maganar Lawali tana nan tana tafiya daga buro zuwa buro. Masu asusun lafiya sun ƙi, Malama Rakiya ta sa aka ɗaukaka, aka sake kiran likita ya auna yatsun. Ni har na fara cire rai. Ana saura sati Layya wayata ta yi ƙara. Lawali ne.

“Mutari, lafiya? In kun gama aikin salla ka zo Stains. Na yi rago.”

“Yaya, akwai labari?”

“Ka zo dai.”

Rana ta huɗu na je. Gida ne hawa na bakwai, kicin ɗin ko mutum uku ba ya ɗauka. Ragon yana kan tebur bisa leda, ya kwana biyu a ɗakin sanyin wani shago, ba a taɓa shi ba. Habsu ta ce maƙwabta sun ce a kai a sare da zarto, ya hana. Mutumin da Larabawa ke leƙowa su kalla, yana jiran wani ya zo ya yanka masa ragon layyarsa. Na wanke hannu na fara. Yana tsaye a kaina. “Ƙasa kaɗan. Ba nan ba, ɗan lakwal, ba ka ji ta daina kuka ba?” Da na zo ƙugu ya kasa daurewa, ya miƙo hannu ya karɓi wuƙar. Yatsu uku suka riƙe ta, ya danna, ta kuɓuce ta faɗi ƙasa. Habsu ta fita daga kicin. Na sunkuya na ɗauka, ban dube shi ba, na ƙarasa aikin.

Da na gama na goge hannu, sai ya buɗe wata ƴar jaka ya ciro ambulan. An riga an buɗe shi, takardar har ta yi laushi don naɗewa da warwarewa.

Na ce, “Yaya, sun yarda?”

“An ce sun yarda. Malama ta gaya mini a waya, yara ma sun so su karanta mini, na hana.” Ya miƙo mini. “Kai ka gaya musu waccan. Kai za ka karanta mini wannan.”

Na karanta da Faransanci, sannan na juya masa da Hausa, layi bayan layi. Sun amince hatsarin aiki ne. Za su mayar masa da abin da ya kashe, za su riƙa ba shi wani abu saboda yatsun. Abin ba yawa, ko hayar gidan bai kai ba. Na fara yi masa bayanin kuɗin, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Bar wannan. Koma sama, inda suka ce a ina.”

Na koma. Na karanta masa sunansa, da sana'arsa, mahauci, da adireshin shagon, da cewa a nan ya ji rauni yana cikin aikinsa.

Ya leƙa ƙofa ya ɗaga murya. “Habsu! Zo ki ji.” Ta zo ta tsaya tana goge ido da gefen mayafi. Ya ce mini, “Sake.”

Na ɗago takardar. Na gyara ta, na sake karantawa.